Tun Ranar Layya Ake Ɗora Tukunyar Cika-ciki

Ranar Babbar Sallah, in an kayar da rago a gidajen Dogo Tebo da ke Potiskum, akwai yankin da uwargida ba ta yarda ya shiga rabo. Maigida na tsaye a kan mai fiɗa, ana lissafin na sadaka da na maƙwabta da na surukai, yara sun yi dafifi suna jiran hanta, ita kuwa idonta na kan wutsiya. Ana yanke ta za ta karɓe, ta mulke ta da gishiri, ta rataye ta a madafa daidai inda hayaƙin murhu ke bugawa, can sama yadda kyanwa ba za ta kai ba. Wata takan haɗa da ƙafafu, wata da ɗan haƙarƙari. Duk kwaɗayin yaro ya san wannan naman ba a taɓa shi. Wata guda cur zai yi a rataye, daga 10 ga Zulhajji zuwa 10 ga Muharram, watan da Hausawa ke kira watan cika-ciki.

Cika-ciki liyafar dare ce ta cikin gida. Babu hawa, babu zuwa idi, babu ɗinkin sabon kaya. Abin da ake so shi ne girki ya wadata, kowa ya ci har ya ture, a aika wa dangi da maƙwabta, almajirin da ya yi sallama ya tafi da kwanonsa a cike. Tsofaffi sukan tsorata yara da cewa wanda bai ƙoshi a daren nan ba, to shekarar ba zai ƙoshi ba. Yaran kuwa ba sa jira a maimaita musu.

Abin da ya tabbata a addini shi ne azumin Tasu'a da Ashura, ranakun 9 da 10 ga watan. Batun yalwata wa iyali abinci yana da ruwaya a littattafan hadisi, amma malamai sun daɗe suna saɓani a kan ingancinta. Mabiya Izala, ƙungiyar da aka kafa a Jos a 1978, galibinsu sun yar da al'adar, suna ganin ƙari ce a addini. 'Yan Shi'a, waɗanda ba kaɗan ba ne a Potiskum, ranar juyayin Karbala ce a wurinsu. Don haka a layi ɗaya sai a tarar da gidan da ake tuƙa tuwo tukunya biyu, kusa da shi ga gidan da aka sha ruwa da kunu da ƙosai aka kwanta. Wannan rubutu yana magana ne a kan gida na farko, ba don raba gardamar malamai ba, sai don irin dabarar tanadin da ke ɓoye a bayan tukwanen nan biyu.

Dogo Tebo ɗaya ce daga mazaɓu 10 na ƙaramar hukumar Potiskum, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 200,000. Garin ya tara Ngizim da Karekare da Bolewa da Ngamo, ga Fulani da Barebari da Hausawa, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na bakin layi. Fadar Sarkin Fika tana nan tun 1924, lokacin da aka dawo da hedikwatar masarautar daga garin Fika, ga kuma fadar Mai Pataskum. Wannan cuɗanya a cikin tukunya ta fi bayyana. Burabusko da ake ci a nan kamar a Maiduguri, tuwon shinkafa da miyar taushe kamar a Kano, manshanu daga ƙwaryar 'yar Fulani, turaren wuta kuwa hannun Barebari da Shuwa ne.

In za a bi diddigi, tanadin ya girmi ranar layya nesa ba kusa ba. Kasuwar shanun Potiskum, wadda ke ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Dabbobi na shigowa daga Borno da Nijar da Chadi, tireloli na lodi suna nausawa Legas da Anaca da Fatakwal. Wanda ya tashi kusa da irin wannan kasuwa ba ya buƙatar a gaya masa cewa makonni biyun ƙarshe kafin Sallah lokacin dillalai ne da fataken kudu, ba lokacin mai ƙaramin ƙarfi ba. Mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Shi ya sa gidaje da yawa ke sayen ɗan rago tun da saura watanni, a ɗaure shi a turke a kusurwar tsakar gida. Mai hali ya nemi balami, farin ragon nan mai tsayi da girman jiki na ƙasar Borno da Yobe. Wani ya ɗauki uda mai rabin jiki baƙi ko ja, rabi fari. Wani kuma 'yankasa, wanda ya fi sauƙin kuɗi da juriya.

Kiwon turke aikin mata ne a mafi yawan gidaje, kuma sau da yawa da kuɗin adashinsu aka sayi ragon. Dusar da aka tankaɗe daga hatsin gida, ruwan tsari, ɗan kanwa, sai harawar wake da ta gyaɗa da aka ɗaɗɗaure tun kaka aka jibge a kan rufin ɗaki ko a rumfa. Wato wutsiyar da za ta shiga miya a Muharram, harawar kakar bara ce ta yi mata kitse.

Sai kuma kalanda, wadda ita ce ke yanke hukuncin ko tanadin zai zo da sauƙi ko da gumi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, tana gaza ta Bature da kwana 11 ko kusa da haka. Saboda haka cika-ciki ba ta da mazauni a cikin yanayi. Takan ja baya kowace shekara, ta ratsa hunturu da kaka da damina da bazara, sai bayan shekara 33 ta dawo inda ta taso. Ba'amurke ya san liyafar godiyarsa ta kaka ranar Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba, doka ce ta tsayar da ita tun 1941, kuma kabewa da masara na jiransa a daidai lokacin. Uwargidan Dogo Tebo ba ta da wannan gata. Bana ranar ta faɗo mata rumbu cike, bayan shekara goma ta faɗo mata ana tsakiyar shuka, hatsi ya yi tsada, rabin buhun da ya rage ana lallaɓa shi.

Karo na baya-bayan nan da cika-ciki ta dace da kaka shi ne daga 2014 zuwa 2018. A 2014 ta zo a farkon Nuwamba, a 2015 da 2016 cikin Oktoba, a 2017 a gaɓar Satumba da Oktoba, a 2018 kuma wajen 20 ga Satumba. Wanda ya san kakar wannan yanki ya san abin da hakan ke nufi. An girbe gero tun Satumba, sabon wake na shigowa, gyaɗa da riɗi suna kan shanya, dawa ta fitar da kai tana jiran sanyi ya busar da ita. Kabewa ta cika kasuwa har ana neman kai da ita, yakuwa da alayyahu a ɓagas, nono ya yawaita domin shanu sun ƙoshi da ciyawa. Miyar taushe ba ta taɓa yin araha irin na wannan lokaci.

Kaka ce kuma lokacin shanya, kuma a nan ne ake gane macen da ta iya gida. Ana yanka kuɓewa a baza a tabarma, a tsinko ganyen kuka a shanya a inuwa don kada rana ta cinye korensa, a busar da barkono da zoɓo da yakuwa. Tumatir da tattasai sukan jira rani, lokacin da kayan lambu suka faɗi. Duk a ɗure a tulu ko a gwangwani ko a buhu, a kai ƙuryar ɗaki. Ba don liyafa ɗaya ake yi ba, amma liyafar ce ke tona asirin wanda bai yi ba.

Gyaran gida shi ma damina ce ke tsara shi. Daga Yuni zuwa ƙarshen Satumba ruwa na dukan katangar ƙasa, yana zaizaye gindinta, yana barin tsaga a soro da kore-kore a bango. Ba wanda ke yaɓe ana ruwa. Da sama ta ɗauke, kafin hunturu ya kankama a Nuwamba, sai a ga tarin jar ƙasa a ƙofar gidaje, an kwaɓa da ciyawa an bar ta ta kwana biyu ta tsumu. Magina su hau katanga su toshe tsaga, su gyara indararo. Abin da baƙo zai kira ado, ga masu gida rabinsa gyaran ɓarna ne, ranar biki kuwa ita ce wa'adin da ke sa maigida ya daina cewa sai wani mako.

Daɓe na mata ne. A da, kafin siminti ya yi arha, in za a gyara ƙasan ɗaki sai a gayyato maƙwabta. A zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta na itace, suna bugu tare suna waƙa, har ƙasa ta kwanta ta yi sumul. Daga nan a shafe da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda ke sa daɓe ya yi duhu da sheƙi, ya kuma hana shi tashi. Bango a shafe shi da farar ƙasa. A zaure da tsakar gida a share tsohon yashi a baza sabo. Yau a Dogo Tebo, kamar sauran unguwannin cikin gari, bulo da kwano sun ci rabin wannan aiki. Mai ɗan hali ya sayi bokitin fenti, ya sauya ledar tsakar ɗaki, mai ƙarfi ya sa tayil. Ledar ta fi sauƙin shara, wannan ba gardama. Sai dai ɗakin ƙasa mai daɓe ya fi ɗakin kwano sanyi a watan Afrilu, kuma duk wanda ya kwana a cikin biyun ya sani.

Ainihin adon yana cikin ɗakin uwargida, a jikin jere. Tun ranar da aka kawo ta gidan danginta suka jera mata kwanuka, kuma duk wata babbar rana sai an sauke su gaba ɗaya. Aiki ne na yini guda. A fito da su tsakar gida, 'yan mata su zauna da toka da soso da ruwan sabulu, a wanke, a kife a rana, a goge da tsumma, sannan a mayar bisa tsari, babba a ƙasa, ƙarami a sama, fulawar kowane murfi na kallon ƙofa. Uwargida ta san adadinsu da ka. In aka mayar da ɗaya ba a gurbinsa ba, tana ɗaga labule za ta gani.

Jeren yana da nasa tarihi. Na kakanni ƙore ne masu zane da tasoshin tagulla, irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna a kansu. A tsakiyar ƙarni na 20 kwanon sha da langa masu fenti suka kwararo daga Turai da Hong Kong, sannan daga shekarun 1960 aka fara ƙera su a masana'antun cikin gida, a Legas da Kano. Suka kori ƙwarya daga bango. Su ma daga baya kabad mai gilashi da faranten tangaran da kuloli suka ture su. Ɗakin tsohuwa da na amaryar jikanta a gida ɗaya kan nuna wannan sauyi ƙarara. Abin da bai sauya ba shi ne cewa kayan nata ne, ba na miji ba. Dukiya ce da take iya sayarwa ranar da ta ɓaci, ko ta rage ta yi wa 'yarta kayan ɗaki. Saboda haka wankin jere ƙidaya ce ta shekara, ba tsabta kaɗai ba.

Ƙamshi kuwa a wannan yanki ba a ɗaukarsa ƙari. Ɗakin da aka share aka jera amma ba a turara ba, a idon matan Borno da Yobe ba a gama shi ba. Turaren wuta mai kyau ba a haɗa shi ranar da za a ƙona. Ana jiƙa itacen da turaruka, a soya da sukari, a rufe a kwalba ya yi makonni yana tsumuwa. Ranar liyafa a zuba garwashi a kasko, a turara labule da shimfiɗa da darduma, a rufe ƙofa ƙamshin ya kama.

Ana gobe ake sauke wutsiya. Ta bushe ta ƙanƙance, ta yi baƙi da hayaƙi, wanda bai sani ba sai ya ce ba abin ci ba ce. A kankare ta, a wanke da ruwan zafi, a jiƙa ta ta kwana don gishirin ya fita. Da hantsi a ɗora ta ita kaɗai da albasa da citta da kanumfari da masoro, a bar ta a wuta marar ƙarfi har ƙashin ya fara rabuwa da nama. Wannan romo shi ne gindin miya. A ciki ake narkar da kabewa, a zuba daddawa da niƙaƙƙiyar gyaɗa, yakuwa ta biyo baya don ɗan tsami, alayyahu a ƙarshe don kada ya mutu. Naman bai taka kara ya karya ba, in aka raba wa gida mai mutum goma sha biyar kowa ɗan tsoka zai samu. Masu hali sukan ƙara kaji ko naman kasuwa. Amma ɗanɗanon hayaƙin nan na wata guda ba a sayensa a wurin mahauci.

A ɗaya murhun ana fama da hatsi. Mai burabusko ta ɓarza gero tun jiya, ta wanke, ta turara a madambaci, ta sauke ta yayyafa ruwa da mai ta mayar, har ya yi warawara. Mai tuwo ta tanadi itace ko gawayi tun kafin a ga wata, domin tukunyar da za ta ciyar da layi ba a ɗora ta a kan ɗan risho. Mafi yawan masu wannan aiki azumi ne a bakinsu, gishirin miya ma sai a kira yarinya ta ɗanɗana.

Kafin magariba ake fara rabo, kuma yana da tsari. Kwanon maigida da za a kai zaure ko dandalin ƙofar gida, inda magidanta ke ciyayya, shi ake fara zubawa, domin a can ne za a buɗe kwanon kowane gida a gaban kowa. Ba wanda zai ce miyar gidan wane ta fi, amma kowa ya ga kwanon da aka fara sharewa, kuma labarin yakan shiga cikin gida kafin a yi isha. Sai na surukai, na gwaggo, na malamin allo, na maƙwabciyar da ta haihu. A ɗora wa yara a ka, a rufe da faifai. Yaro ya yi sallama ya durƙusa ya ce, "Wai in ji Inna, ga shi a taɓa." A amsa masa, "Ka ce mata an gode, Allah ya maimaita mana." Sau da yawa ba ya fita hannu rabbana, sai an juye an zuba masa na wannan gidan.

Ba Hausawa kaɗai ke wannan ba. A Maroko ana gishirta wutsiyar ragon layya a busar, a dafa ta da kuskus ranar Ashura. A Senegal daren Tamkharit ne, inda ake cin dambun gero da miyar nama har a ƙoshi, a kuma aika wa maƙwabta. Nisan da ke tsakanin Maroko da Senegal da Potiskum ya nuna al'adar ta daɗe tana bin hanyoyin fatake da malamai.

Abin takaici, shekarun da kalanda ta haɗa cika-ciki da kaka sun fara ne a daidai lokacin da Potiskum ke tsakiyar shan wuya. A watan Mayun 2012 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanu, mutane da dabbobi da yawa suka halaka. A Mayun 2013 aka sa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa. Ranar 3 ga Nuwamban 2014 bam ya tashi a cikin jerin gwanon Ashura a garin, bayan mako guda wani ya tashi a makarantar sakandaren kimiyya ana tsakiyar taron safe. An hana hawa babur, an sa dokar hana fita da dare, shingayen bincike suka cika hanya. Liyafar da ginshiƙinta shi ne yaro ya ɗauki kwano ya ratsa layi da magariba, magidanta su zauna a waje su ci tare, ita ce irin abin da tsoro ke fara kashewa. Hatsi na rumbu, kabewa na kasuwa, amma zaman ƙofar gida ya gagara.

Da hankali ya kwanta, kalanda ta riga ta wuce. A 2024 Ashura ta zo a tsakiyar Yuli, a 2025 a farkonsa, wato lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai zo ba. Ga cire tallafin man fetur na 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga kuɗin dakon komai, har hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A Mayun 2025 kuma gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi ana dab da Sallah. Gidaje da dama sun koma haɗa kuɗi mutum bakwai su yanka saniya, wasu ba su yi layyar ba sam, sai abin da maƙwabta suka aiko. A irin wannan shekara kabewar ɗanya ba ta samuwa da sauƙi, sai a koma ga kuka da busasshiyar kuɓewar da aka shanya tun kakar bara. Shanyar naman ma takan yi wuya, domin iskar damina da laima ba ta busarwa, ƙuda kuma ya yi yawa. Masu firji mai aiki da hasken rana sun huta. Sauran sukan soya naman ƙwarai su nutsar da shi a cikin kitsensa, ko su bar shi kusa da wuta suna juyawa kullum. Yaɓe da fenti kuwa sai a ɗage su zuwa bayan ruwa. Cika-ciki ba za ta sake dacewa da kaka ba sai wajen 2047.

Washegari akwai sauran hidima. A watan nan ne taubasai da sauran abokan wasa ke bin juna kuɗin shara, ɗan abin da ake bayarwa cikin zolaya, kuma a gari irin Potiskum inda Bafulatani da Babarbare ke zaune katanga ɗaya, tsiya ba ta ƙarewa da wuri. A cikin gida kuwa ɗumame ne da safe, sai rigimar kwanuka. An aika da goma, takwas sun dawo, biyu daga cikinsu ba na gidan ba ne, murfin wani ya tafi unguwar Hausawa. Shi ya sa mata da yawa ke ɗiga jan farce ko fenti a gindin kwanonsu tun kafin ranar, kuma kwanon jere na gaske ba ya fita ƙofa, akwai na aike daban. Yaran da suka kai abinci jiya su ne za a sake tasa ƙeyarsu yau, gida-gida, har sai an haɗa kowane kwano da murfinsa.